Littafin Baba Tela Mai Jan Ɗigo

Asabar, 3 ga Fabrairu

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da mutanen gida da aiki. Mu nan lafiya lau muke, sai gwiwar Kaka da ta sake tashi, amma bakinta ras yake. Jiya ta ce in na ci gaba da karatu ina tafiya, wata rana bango zan aura. Baba da Mama suna gaishe ki. Jarabawa saura wata uku, kuma ina karatu, ba na soyayya kaɗai ba, kada ki ce komai.

Gwaggo, wata magana ce ta sa na rubuto, kuma ke kaɗai za ki gane ta, tunda aikin laburare kike yi.

Ranar Laraba na je laburaren nan namu mayar da littafi. Na tarar 'yan ajinmu sun cika teburin ƙasa suna bin duk wanda ya shigo da ido. Kin san ni. Sai na haye bene kamar wadda aka aika. Ban taɓa hawa ba. Can sama babu kowa sai littattafan sana'a, na walda, na kiwon kaji, da wata taga da ba ta rufuwa. A bakin matakala akwai keken tura littattafai cike fal, kowanne an ɗiga masa jan fenti a gadon baya. An manna takarda a jiki cewa duk littafin da ya shekara goma ba a are shi ba, za a fitar da shi ranar ƙarshe ta Afrilu, a kai wa masu niƙa takarda.

Na tsaya ina karanta sunayensu, tausayinsu ya kama ni, kamar 'yan matan da aka yi biki ba a gayyace su ba. Sai ga wani siriri mai koren bango, Koyon Ɗinki a Gida, da sunan Baba Tela a ƙasa. Mahaifinku, Gwaggo. Ni ban ma san ya taɓa rubuta littafi ba.

A tsaye na buɗe. Darasi na ɗaya ɗinki ne sosai, yadda ake riƙe almakashi. Daga na biyu abin ya canza. Ashe wasiƙu ne da ya riƙa aiko wa Kaka lokacin da ya tafi aiki nesa, yana koya mata ɗinki ta takarda don ta sami abin yi, daga baya ya haɗa su aka buga. Na karanta littattafan soyayya sun fi ɗari, masu jirgin sama da masu asibiti, babu wanda ya taɓa sa ni neman wurin zama kamar wannan.

Na sauko na duba durowar katin da ake neman littafi da shi. Kati ɗaya gare shi, a sama an rubuta ƊINKI da jan biro, shi ke nan. To wa zai same shi? Telolin yanzu ba sa son yankan zamanin da. Mu kuma da za mu yi rububinsa ba ma taɓa wannan durowar, ta "S", wato soyayya, muke ja har mariƙinta ya cire. Takardar hatimin aro da ke bayansa fara tas, ko sau ɗaya ba a taɓa fita da shi ba. Wanda ya rubuta katin nan, ko waye shi, bangon kawai ya kalla. Ina jin bai taɓa kewar kowa ba a rayuwarsa.

Ya ake yi a canza abin da aka rubuta a kati? Kuma dole sai an yi wa Malam Shiru magana? Shi ne mai kula da wurin, haka muke kiransa a ɓoye. Shekara uku ina zuwa, ban taɓa ce masa komai ba sai "na gode".

Don Allah ki amsa da wuri.

'Yarki,
Auta


Alhamis, 15 ga Fabrairu

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Litinin. Muna lafiya, aiki da godiya. Ki ce wa Inna ta daina hawa kujera tana ɗauko kaya, gwiwa ba ta son gardama. Ki gaishe da babanki da mamarki.

Wanda ya rubuta katin nan, wanda bai taɓa kewar kowa ba, ni ce. A laburaren nan na fara aiki, shekara uku kafin a haife ki, kuma Inna da hannunta ta miƙo mini littafin a makona na biyu.

Tunda kin tambaya, bari in gaya miki yadda ake yi, don kada ki ƙara yanke wa mutanen da ba ki sani ba hukunci. Layin jan biron nan sunansa kan batu. Ba daga kanmu muke ƙirƙiro shi ba. Akwai kundi mai kauri da jerin kalmomin da aka yarda da su, daga ciki ake zaɓa, don kada ni in rubuta "ɗinki", wani ya rubuta "tela", wani "keke", mai nema ya rasa inda zai dosa. Kuma ba ma karanta littafi. Mukan duba sunansa, da jerin abubuwan da ke ciki, da gabatarwa in akwai, mu wuce. A rana nakan yi arba'in. Littafin da ya ce shi koyon ɗinki ne, darussansa wuyan riga, hannu, kalmasa, ina kike so in kai shi?

Ke kuma na san ki. Ko takardar cikin kwalin magani aka ba ki, sai kin gano wanda yake son wani a ciki. Baba mutum ne mai tef a wuya da allura a baki. Ban taɓa jin ya kira Inna da abin da ya wuce "ke" ba.

In kina so ya tsira, ki are shi. Hatimi ɗaya ya isa a goge jan ɗigon. Ki mai da hankali ga jarabawa.

Gwaggonki


Lahadi, 25 ga Fabrairu

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kaka ta ce a gaya miki kujerar tata ce, gwiwar ma tata ce.

Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri. Da na karanta layin nan sai da na tura fuskata cikin filo na daɗe ban fito ba. Wallahi ban san ke ce ba. Da na sani da na haɗiye biron. Na san kina kewarmu, ba ke ce kika aiko mini da safa har ƙafa uku ba don na ce yatsuna suna sanyi a aji?

Amma ba zan iya ararsa ba. Katin ɗalibai na ƙasa ne kawai, littattafan sama sai mai katin manya. Na gaya wa Baba, ya ce zai je ya yi kati in ya sami sarari, kin kuwa san sararin Baba. Kuma ko an buga masa hatimi ɗaya, komawa zai yi ya sake shekara goma kusa da kiwon kaji.

Ba na so in yi miki gardama, shi ya sa na kwafo miki a bayan littafin lissafina. Ke ki duba.

Darasi na huɗu, hannun riga: "Ki auna daga kan kafaɗa zuwa ƙashin wuyan hannu. Naki ba sai kin auna ba, inci ashirin da biyu ne da rabi. Ranar da kika miƙo mini ruwa ta saman katanga na auna da ido, kuma ban taɓa kuskuren awo ba."

Darasi na shida, maɓalli: "Ki bar ɗan sarari tsakanin maɓalli da yadi, in kika matse zai tsinke. Jiya nawa ya faɗi a wurin aiki. Ina da allura, ina da zare, ni tela ne. Na sa shi a aljihu, zan kawo miki."

Wannan ba takardar magani ba ce, Gwaggo.

Na karanta wa ƙawayena huɗu, na tambaye su in suna son irin wannan littafin wace kalma za su nema a durowa. Ɗaya ta ce soyayya. Ɗaya ta ce kewa. 'Yar mai kantin magani ta ce "miji ya yi tafiya". Ta ƙarshe ta ce ita littafin da zai sa ta hawaye take nema, a ina ake ajiye su? Na je na duba duka. Babu ko ɗaya sai soyayya, ita ma labaran ƙirƙira ne kawai a bayanta. Ku kuna rubuta abin da littafi yake magana a kai, mu kuma muna neman abin da zai yi mana. Ina jin shi ya sa ba ma haɗuwa.

Sai wani abu. Shekaranjiya da yamma ina matsa wa Kaka gwiwa, na ce, "Ashe ke ce mai inci ashirin da biyu da rabi."

Ta janye ƙafarta. "Wa ya gaya miki wannan shirmen?"

"A laburare na gani."

Can ta ce, "Har yanzu yana can?"

Na ce yana nan. Ban gaya mata maganar jan ɗigo ba.

Ta ce, "Hamsin ya buga, ya rabar, ɗaya ya rage mini. Da gwaggonki ta sami aiki na ga ta zama mai littattafai, na ce to ga na ubanta, ta karanta. Na miƙa mata. Bayan kwana biyu ta dawo tana murna, wai Inna na sa masa lamba."

"Me ya sa ba ki ce mata komai ba?"

"In ce me? Yarinya ta yi aikinta. Matsa nan, mai hannun auduga, ba can ba."

Ban san ko ya kamata in rubuto miki wannan ba. Na dai rubuta.

'Yarki,
Auta


Lahadi, 7 ga Afrilu

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Ina fata ke ma lafiya ce ta ɓoye ki.

Mako shida ke nan ban ji daga gare ki ba. Kullum na dawo makaranta sai na duba saman firji inda Baba yake ajiye wasiƙu. Na san na yi laifi sau biyu, na farko ban sani ba, na biyu da sanina. Bai kamata in kawo miki maganar Kaka ba. In kin yi fushi ki yi mini faɗa a takarda, na fi son faɗan da shirun.

Na gwada yi wa Malam Shiru magana. Na haddace abin da zan ce tun daga gida. Na tsaya gaban teburinsa, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "Na'am?" Sai na ji bakina ya ce, "Malam, ƙarfe nawa?" Agogon kuma yana saman kansa, ƙato. Da biro ya nuna mini shi.

An sauko da keken nan ƙasa, yanzu yana kusa da ƙofar baya. Duk ranar da na je nakan tura littafin can ƙarƙashin sauran, kamar hakan zai hana wani abu. Saura kwana ashirin da uku. Har ɗauke shi a jaka ya zo mini a rai, amma ko a labari ban taɓa son jarumar da ta yi sata ba.

'Yarki mai laifi,
Auta


Litinin, 15 ga Afrilu

Autata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, kuma ba fushi na yi ba. Amsa huɗu na rubuta na yaga. Ki yafe mini, ban lura kwanaki sun tafi haka ba sai da takardarki ta zo.

Na tuna ranar. Ina sa takalmi zan fita aiki, Inna ta miƙo shi a naɗe cikin ɗankwali, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Ga wannan." A wurin aiki kullum haka mutane suke zuwa su ajiye mana littafi su ce ga wannan. Na ɗauka kyauta ce ta ba laburare. Na buga masa hatimin sunan laburare a wuri uku, na manna masa lamba, ina jin na karrama Baba. Minti goma ya ɗauke ni. Ɗankwalin ma na mayar mata a ninke.

Akwai abin da ban gaya miki ba wancan karon, don raina ya sosu. Littafi ɗaya yana iya samun kati har uku. Na duba kundin, akwai "Wasiƙun soyayya" a ciki, tun wancan lokacin yana nan. Ban neme shi ba ne.

Ni ba ni da ikon taɓa katin wurin da na bari. Malamin naku ne mai iko, kuma ba zai ƙara komai don an ce masa ba, sai an nuna masa shafi. Haka aka koya mana. Da in rubuta masa, amma takarda tana iya zama a tirensa har wata ya ƙare. Sai dai ki je da bakinki, Auta. Kada ki haddace komai, ki ɗauki littafin a hannu ki ajiye a gabansa, zai fara magana da kansa.

Ga wata takarda a ciki, ta aro ce tsakanin laburare da laburare, na cika ta da sunana. Ki ba shi. Ina so in karanta abin da aka ba ni.

Gwaggonki


Asabar, 27 ga Afrilu

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, jarabawa jibi, amma bari in fara ba ki labari tun da zafinsa.

Jiya bayan makaranta na je. Na zaro littafin daga ƙarƙashin keken, na ajiye a teburinsa tare da takardarki, kamar yadda kika ce. Ya duba jan ɗigon, ya duba takardar, ya duba ni.

Ya ce, "Shekara goma sha tara ba wanda ya tambaye shi, yau kuma har daga nesa?"

Na ce, "Malam, katinsa ne."

"Me ya sami katin?"

"Ɗinki kawai aka sa. Kuma wasiƙun soyayya ne."

Da na faɗi kalmar a gabansa sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Ya ce, "Ba a canza kan batu don wani ya ji daɗi."

"Ba canzawa ba, Malam. Ƙari."

"Wa ya koya miki wannan?"

"Gwaggona. Ita ta rubuta na farkon."

Ya tashi ya jawo durowar, ya zaro katinki ya kalle shi, ya ce rubutun mai tsafta ne. Sannan ya turo mini littafin. "Nuna mini."

Na buɗe darasi na shida na juya masa. Ya ce a'a, in karanta. Na fara can ƙasa-ƙasa, ni kaina ba na jin abin da nake cewa.

"Ɗaga murya."

"Malam, an hana."

"Ni na hana, ni na ɗage. Karanta."

Gwaggo, na karanta. A tsakiyar laburare, 'yan ajinmu uku suna teburin ƙasa. Da na kai wurin aljihu babu mai juya shafi a ɗakin. Ya karɓi littafin ya ci gaba da kansa a tsaye, har wata mata da ta zo mayar da littafi ta yi tari sau biyu bai ji ba. Can ya ce, "Rabi da rabi ne. Ɗinkin ma daidai yake, haka mahaifiyata take sa maɓalli. Katin farko yana nan, ba a taɓa shi."

Ya ɗauko kundin nan naku, ya fi bulo nauyi, ya bi da yatsa har ya samu, ya rubuta sabon kati da jan biro. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce ko zai sa "kewa" ma, don ita ƙawata take nema. Ya ce babu ita a kundi, kuma shi ba ya ƙirƙira. Ya ɗan buga biro a tebur, sannan ya ɗauko wani farin kati ya rubuta "Kewa, duba Wasiƙun soyayya". Ya ce wannan ba kan batu ba ne, nuni ne, kada in je in ce ya karya doka. Maganar hawaye kuwa ban ma ɗauko ta ba.

Da reza ya kankare jan ɗigon, a hankali, yana hura ɓurɓushin. Ya ce in ya dawo daga wurinki zai sa masa alamar da masu katin ɗalibai za su iya ara. Kafin in fita har 'yan ajinmu sun rubuta sunayensu a layi, ni ce ta huɗu, a littafin kakana.

Ranar Litinin zai aiko miki. Ya ce in gaya miki mako uku ne, kuma ma'aikata ba su da ragi.

Na gaya wa Kaka duka, har jan ɗigon. Ta daɗe tana gyara bakin zanenta. Sai ta ce, "To. Ki ce mata kada ta sa masa wata lambar."

Ki yi mini addu'ar lissafi.

'Yarki,
Auta


Lahadi, 12 ga Mayu

Autata,

Wa alaikumus salam. Ina fata lissafi ya zo da sauƙi. Muna lafiya. Ki gaishe da kowa, ki gode wa Malaminku, ki ce masa zan dawo da shi kafin ranar.

Ya iso ranar Alhamis. Na karanta shi sau biyu, daga bango zuwa bango, abin da ban taɓa yi wa littafin da ya bi ta teburina ba. Kin yi gaskiya, ni ma ban yi ƙarya ba, kati biyun duka nasa ne.

Ba ki kwafo mini darasi na tara ba. Ina jin kin ga rigar jariri ce kin wuce. Ga abin da ya ce: "An gaya mini mace ce. Ban gan ta ba, saboda haka wannan awon da ka na yi shi. Ƙirji inci goma sha shida, tsawo goma sha huɗu. Ki bar kalmasa mai faɗi ki ninka sau biyu, in na daɗe ki riƙa saki kaɗan-kaɗan, kada in dawo in tarar ta fi ƙarfin rigar da na yanka mata."

Akwai kwanan wata a saman shafin. Kwana tara ne bayan an haife ni.

Yanzu ni ce zan roƙe ki ki je da bakinki, don ni ba zan iya ba. In kina matsa wa Inna gwiwa, ki ce mata na karanta. Kuma ki tambayar mini ita ko rigar ta yi mini daidai.

Gwaggonki